Babi na Biyar: Almakashin Mai Kemis

A watan Agusta da farkon Satumba, lokacin da gero ya fitar da kai, ruwa ya kwanta a kududdufai, ba wanda ya kai mai kemis ganin jama'a a Aujara. Haka abin yake a Jahun, haka yake a Harbo da Kiyawa da ƙauyukan da ke tsakani. Lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, ga shi kuma ya faɗo daidai sa'ad da rumbu ya yi ƙasa: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai gama isowa ba, ɗan abin da ke hannu ya tafi a taki da ƙwadago. Duk mai son ya gane rigimar farashin magani a Najeriya, gara ya fara zama a bencin ƙofar kemis bayan magariba ya kasa kunne, kafin ya nufi takardun Abuja.

Dattijo zai zo da 'yar takarda a ninke, wadda aka rubuta masa a asibiti.

"Likita, duba mini wannan. Nawa zai kama?"

Yaron da ke bayan kanta ba likita ba ne, amma ya gaji da gyara wa mutane. Ya karanta, ya ɗauko kwali, ya faɗi kuɗi. Dattijo ya laluba aljihun gaba, ya laluba na gefe.

"Kai ɗana, ban zo da shirin wannan ba. Yanko mini na abin da ke hannuna, in Allah ya kai mu ranar kasuwa na dawo na cika."

"Baba, wannan fa sai an shanye shi duka. Huɗu safe, huɗu dare, kwana uku."

"Na ji. Yanko dai."

Sai almakashi ya fito. Katin maganin zazzaɓi na babba ƙwaya 24 ne. A yanke 8, a ƙulle a 'yar leda tare da farasitamol, sauran 16 su koma kwali su jira wani mai irin wannan aljihu. Uwargida za ta sha na yini ɗaya, jiki ya yi sanyi, ta tashi ta koma aikinta. Ƙwayar cutar kuwa tana nan a jini ba ta mutu ba. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya dawo, a sake zuwa a yanko. In maganin kashe ƙwayoyin cuta ne irin su amoksisilin, ɓarnar ta fi haka, don rabin magani horo ne ga cuta, yana koya mata yadda za ta jure. Ni dai ban ga laifin yaron ba sosai. In ya ƙi yanka, dattijon zai tsallaka wajen mai talla da ke baza kwalaye a rana a kasuwar Gujungu ko Shuwarin, inda komai araha ne, ba kuwa mai iya rantsuwa kan abin da ke cikin ƙwayar.

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa kai tsaye. Don haka duk wata doka da za ta taɓa farashin magani, ko da sunan wa aka yi ta, a kan wannan kanta take sauka.

Shi farashin daga ina ya taso? Mai kemis na Aujara a Kano yake sari. Shekara da shekaru Sabon Gari ce cibiya, har zuwa Fabrairun 2024 da NAFDAC da hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da 1,300 suka ce kowa ya koma sabuwar kasuwar da aka gina a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Dillalin Kano daga Legas ko Onica kayansa suke zuwa. Na Legas kuma daga Indiya ko Sin. Wajen kashi 70 cikin 100 na maganin da ake sha a ƙasar nan shigo da shi ake yi a gama. Ragowar da ake bugawa a Legas da Ogun da Ilorin da Anambra, shi ma garin sinadarin da ke yin aikin a cikin ƙwayar kusan dukkansa daga waje yake zuwa. Masana'antarmu tana haɗawa ne, ta matse, ta zuba a kati. Ke nan ko kwalin ya ce an yi shi a Najeriya, da dala aka sayo zuciyarsa.

Shi ya sa 2023 ta zame wa mutane shekarar da ba su mantawa. A Mayu dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Yuni aka saki naira, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. An cire tallafin man fetur a lokaci guda, kuɗin mota daga Legas zuwa Kano zuwa Jahun ya hau. A Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya bayan fiye da shekara hamsin, Sanofi ya bi sahu a Nuwamba. Jaridu suka cika da labarin yadda Augmentin da Ventolin suka ninka kuɗi sau da yawa. Gaskiya ne, amma kukan mutanen birni ne aka fi ji. Mutumin Aujara ba Augmentin yake saye ba tun asali. Abin da ya taɓa shi shi ne amoksisilin na Indiya, da maganin hawan jini na tsohuwarsa, da ruwan ƙari, waɗanda suka yi ta hawa a hankali ba wanda ya rubuta labarinsu.

A nan ne masu masana'antu ke da magana, kuma maganarsu tana da nauyi. Suna cewa ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba za ta zauna tana jiran jirgin ruwa kafin ta sha magani ba. An ga misali a Maris na 2020, farkon annobar korona, da Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna 26, har da farasitamol, don ta fara wadata mutanenta. Ba wanda zai zarge ta. Kowa nasa ya sani. An sake gani a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa ta hukumar USAID, wanda da shi ake sayen kaso mai yawa na maganin ƙanjamau da na zazzaɓi da gidan sauro. Tun 1990 Najeriya take da manufar ƙasa kan magunguna, aka sabunta ta a 2005 da burin a riƙa yin kashi 70 cikin 100 a gida. Yau lissafin a juye yake, kashi 70 ɗin shi ne na waje.

To ta yaya za a raya masana'anta? An gwada hanyoyi biyu masu karo da juna, kowacce kuma ta bar tabo.

Ta farko ita ce ta 2010. Najeriya ta bar kulorokwin ta koma haɗin maganin zazzaɓi da ake kira ACT tun 2005, amma ya fi ƙarfin talaka. Sai asusun duniya na Global Fund ya fito da wani shiri a ƙasashe kaɗan, ciki har da Najeriya da Nijar da Gana: asusun zai biya wa kamfanin da ya yi maganin kaso mafi tsoka na kuɗinsa tun daga masana'anta, dillali ya saro shi da araha, ya iso kemis da araha. Masu shekaru za su tuna kwalin nan mai tambarin koren ganye. Shirin ya yi aiki. Farashi ya sauko ƙwarai, ingantaccen maganin zazzaɓi ya shiga ƙauyukan da bai taɓa zuwa ba. Sai dai akwai sharaɗi: kamfanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance maganinsa ne kaɗai zai ci tallafin. A lokacin babu kamfanin Najeriya ko ɗaya da ya cika wannan sharaɗi. Kuɗin suka tafi wa Novartis da Cipla da Ipca da takwarorinsu, masu yin ACT a Legas kuwa suka wayi gari suna gasa da kayan da wani ya riga ya biya wa kuɗi. Ƙungiyarsu ta yi ta kuka. Yaro a Aujara ya samu magani, ma'aikaci a Ikeja ya shiga fargabar aikinsa.

Ta biyu ta bi ta ɗaya gefen. A 2015 aka fara aiki da harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS, wanda ya zo da wani abin mamaki: maganin da aka gama a waje zai shigo ba haraji, amma kayan haɗi da na ƙunshewa da masana'antar gida ke buƙata za su biya daga kashi 5 zuwa 20 cikin 100. Wato an ci tarar wanda ya kafa inji, an yafe wa wanda ya yi oda. Maimakon a cire harajin kayan haɗin a huta, sai a 2016 gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 kan wasu magungunan da ake shigowa da su, daidai shekarar da naira ta faɗi, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali. Wa ya biya wannan kashi 20? Ba ɗan Indiya ba. Mai shigo da kaya ya ɗora wa dillali, dillali ya ɗora wa mai kemis, mai kemis ya ɗora wa dattijon nan, shi kuma ya rage yawan ƙwayar da za a yanko masa.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Harajin da aka ɗora wa gamammen magani haraji ne a kan rashin lafiya, wanda ya fi kowa ciwo shi ya fi kowa biya. Ba na cewa kariya ba ta da wuri sam. Akwai jerin magungunan da kwastam ta daɗe da haramta shigowa da su, irin su farasitamol da asfirin da metronidazol da maganin ƙarin jini da ruwan ƙari, kuma a waɗannan akwai kamfanoni da yawa a gida da ke gasa da juna, gasar ce ke riƙe farashi. Inda kariya ke zama zalunci shi ne a rufe ƙofa alhali masu yin abin a gida ɗaya ne ko biyu, ko ba su iya wadata kasuwa.

In aka tambayi mai masana'anta abin da ke sa kayansa tsada, ba zai fara da Indiya ba. Da wuta zai fara. Ɗakin da ake matse ƙwaya sai an riƙe masa sanyi da bushewar iska dare da rana, ruwan da ake haɗi da shi sai an tace shi tas, duk wannan a kan janareto da dizal in wuta ta ɗauke. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin da ya fi kowa samun wuta daga naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni. Sai bashi: kafin ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke bayarwa. Sai jinkirin tashar jirgin ruwa, inda ganguna ke kwana ana lissafa musu kuɗin ajiya. Nan ne ya kamata tallafi ya shiga, ta ƙofar baya, ba ta kan majinyaci ba.

Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2024, lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate na ministan lafiya, ta wannan ƙofa ya biyo: an yafe harajin kwastam da na VAT kan injuna da kayan haɗin magani na tsawon shekara biyu. Sai cikin 2025 kwastam ta fara aiwatarwa. Hanya ce mai kyau, amma tana da rami. Kuɗin da aka yafe kuɗin jama'a ne. Me jama'a za su karɓa a madadinsa? In ba a ɗaure yafiyar da wani alkawari kan farashi da inganci ba, tana iya tsayawa a littafin ribar kamfani, kwalin ya iso Dangwauro da kuɗinsa na jiya.

Batun ingancin nan ba na wasa ba ne, mu a Arewa mun fi kowa sani. A 2008 ruwan maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka yi a Legas, ya kashe yara 84 saboda gurɓataccen sinadari. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalaben kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko adadin ya yi daidai ko an zuzuta, kowa ya ga kwalaben a kwata. Bayan rahoton BBC na 2018 gwamnati ta haramta shi, NAFDAC ta rufe wasu masana'antun gida uku na ɗan lokaci. Don haka kasancewar abu na gida bai wanke shi ba. Amma akwai waɗanda suka nuna ana iyawa. A 2023 kamfanin Swipha na Legas ya samu tantancewar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ƙwayar zinc ta gudawar yara, na farko a Afirka ta Yamma, a 2024 kuma ya samu kan maganin kariyar zazzaɓi da ake ba masu juna biyu. Emzor ya kama gina masana'antar sinadarin maganin zazzaɓi a Shagamu da bashin bankin zuba jari na Turai. Irin waɗannan su suka cancanci a tallaba.

Ana yawan kawo misalin Indiya, amma a kan manta yadda ta yi. Dokarta ta 1970 ta ba kamfanoninta damar su kwaikwayi kowane magani muddin sun bi tasu hanyar haɗi, sannan ta riƙe farashin muhimman magunguna da doka. Daga nan ne Cipla ya iya tallata maganin ƙanjamau na shekara guda a dala 350 a 2001, lokacin da ake sayar da shi sama da dala 10,000. Bangaladash a 1982 ta soke rajistar ɗaruruwan magungunan da ba su da amfani, ta ware wa kamfanonin gida masu sauƙin haɗi, ta kuma ƙayyade farashi. Yau tana yin sama da kashi 90 cikin 100 na maganinta. Duk biyun sun ba masana'anta kasuwa da hannun dama, sun riƙe mata linzami da na hagu. Mu mukan ɗauki rabin darasin.

Akwai kuma abin da ya fi haraji da yafiya tasiri, wanda Jigawa ta ɗan san kansa. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da tsarin asusun magani mai juyawa: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da 'yar riba kaɗan, kuɗin ya koma ya sayo wani. Hukumar asusun man fetur ta PTF, wadda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, ta zuba magunguna a asibitoci bisa wannan tsari, da aka rushe ta a 1999 akasarin asusun suka bi ta. Jigawa ta sake ɗaukar tsarin da gaske: ta kafa JIMSO, wadda daga baya aka mayar kamfanin JIPHARMA, don ta riƙa saye a dunƙule ta rarraba wa asibitoci, aka kuma haɗa shi da tsarin kula da lafiya na Gunduma na 2007. Hikimar a fili take. Mai sayen kwali dubu ba ya biyan kuɗin mai sayen kwali ɗaya, yana kuma iya zuwa masana'anta kai tsaye ya tsallake dillalai uku, ya san abin da ya saya ba jabu ba ne.

Jarin irin wannan asusu kamar irin shuka yake: ranar da aka dafa shi aka ci, baɗi ba gona. Ana cinye shi ta hanya uku. Babba ya aiko a ba wane magani a rubuta bashi. Gwamnati ta yi shelar magani kyauta ga masu juna biyu da ƙananan yara, abin yabo, amma kuɗin da za a mayar wa asusun ya makara. Ta ukun ba laifin kowa ba ne a asibitin: in ka sayar da kaya a farashin da ka saro bara, naira kuma ta faɗi ninki uku, abin da ka tara ba zai sayo ko rabin abin da ka sayar ba. Kyauta dai a koyaushe akwai mai biyanta. Matan Aujara da ake kaiwa haihuwa Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, ba sa biyan kuɗin magani, don wasu mutane a wasu ƙasashe sun riga sun biya.

Abin da mai masana'anta ke nema ya wuce yafiyar haraji: mai saye babba, wanda zai ce ga yawan abin da nake so na shekara biyu, ga farashi, kuma zan biya cikin wata guda ko biyu. Da irin wannan takarda zai je banki a saurare shi, ya sayo sinadari da yawa a farashi mai sauƙi, injinsa ya yi aiki dare da rana maimakon rabin yini, kuɗin kowace ƙwaya ya ragu da kansa. A nan kaɗai na ga buƙatar mai masana'anta da ta majinyaci sun hau layi ɗaya. Akasin haka shi aka saba gani: asibitin gwamnati ya karɓi kaya ya riƙe kuɗi shekara, kamfani ya koyi darasi, gaba ya ƙara farashi don ya rufe asarar jira. Da jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Bauci za su haɗa odarsu ta muhimman magunguna ashirin ko talatin, da kuɗin hukumar inshorar jiha irin JICHMA da na asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar 2014 ta tanada za su riƙa shiga a kan lokaci, da sun zama mai sayen da ba kamfanin da zai raina. Sai kuma a buɗe wa mai kemis mai lasisi ƙofa ya saro daga wannan rumbu, tunda wurinsa mutane ke fara zuwa, ko an so ko an ƙi.

Akwai ma oda guda da ta riga ta tabbata, ba sai an ƙirƙiro ta ba. Kowace damina ma'aikata na bin gida gida a Jigawa da sauran jihohin Arewa suna ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariyar zazzaɓi, wata wata, na kwana uku a jere. Miliyoyin yara ne, an san yawansu, an san watannin, an san maganin: haɗin sulfadoksin da amodiyakwin. Shekaru da dama kamfanin Guilin na ƙasar Sin ne ke kawo mafi yawansa. Wani kamfanin Kenya, Universal Corporation, ya samu tantancewar yin sa a 2023. Rabin haɗin, wato sulfadoksin ɗin, shi ne wanda Swipha ya samu tantancewa a kansa a 2024. Abin da ya rage shi ne masu biyan kuɗin wannan shiri, gwamnati da masu ba da taimako, su rubuta wa duk kamfanin gida da ya ci jarrabawar inganci wani kaso na odar shekaru masu zuwa, da farashin da aka yi yarjejeniya a kai da ranar biya.